Abin da Ya Goge Na Riga Na Gani

"Ke dai ki ce hannunki ne ya zame," in ji Rilwanu. "Shi ke nan fa. Maganar ba ta fi haka ba."

"Hannuna ya zame ina kan sallaya?"

"Wa ya san kina kan sallaya?"

"Allah."

"Nusaiba, don Allah ki bar wasa."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Muna tsaye ne a ƙofar gidanmu a Badarawa, la'asar sakaliya, ya jingina da tsohuwar motarsa yana juya mukulli a yatsa. Ni kuwa ko kayan aiki ban cire ba. Atamfar da na ɗaura tun safe duk ta yamutse, takalmi ya ci mini dunduniya, idona na yaji saboda kallon allo. Ba abin da nake so a duniya irin in shiga ɗaki in kwanta a ƙasan tayil mai sanyi, kowa ya manta da ni.

Ya sassauta murya, irin muryar nan da ya san tana kashe mini jiki. "Ke har yanzu a gwaji kike. Sabon ma'aikaci in ya yi kuskure faɗa kawai za a yi masa. Ni kuwa kin san kujerar da nake jira. In Injiniya ya ji ni ne, ta tafi. In ta tafi kuma, da wane ido zan turo su Kawu wurin Abba?"

Masu karatu, bari in tsaya in warware muku, don na san wasunku sun fara cewa wai me aka yi ne haka.

Ni da Rilwanu wuri ɗaya muke aiki, wani ɗan kamfani a Kurmin Mashi da ke kula wa makarantu masu zaman kansu da bayanan ɗalibansu. Mai kamfanin shi ne Injiniya Audi. Duk aikinmu a kan wata babbar kwamfuta yake gudana, wadda muke kira saba. Ba ma ganinta da ido, ta baƙin allo muke shiga mu rubuta mata umarni. To, da yake a garin nan wuta da sabis ba su da alƙawari, in kana tsakiyar aiki sabis ya ɗauke, aikin ya mutu ke nan. Shi ya sa muke amfani da wata manhaja mai suna tmux. Ita sai ta buɗe maka seshan a cikin sabar, ku ɗauke shi kamar ɗaki. Ka kunna aikinka a ciki, ka ja ƙofa ka fito, ka je ka ci abinci ko ka tafi gida, aikin na nan yana tafiya. In ka dawo ka sake shiga ka tarar da shi.

Matsalar ita ce Injiniya bai taɓa raba wa kowa nasa mukullin ba. Da suna ɗaya dukanmu muke shiga, saboda haka ɗakunan kowa a jere suke wuri guda, kowa na iya faɗawa na kowa. Doka biyu ce ta hana mu cinye juna. Ka sa wa ɗakinka sunanka. Kafin ka shiga kuma, ka buɗe jerin ka duba, ka zaɓi naka da idonka.

Ni ina bin dokar nan kamar karatun sallah. Rilwanu kuwa bai taɓa sa wa seshan suna ba tun da na san shi. Nasa lambobi ne kawai da manhajar ke ba su da kanta.

Ranar da abin ya faru, na kunna aikin kwashe sakamakon jarrabawar wata makaranta daga tsohon tsari zuwa sabo, a ɗakin da na sa wa suna nusaiba-sakamako. Da yammar ranar za a buɗe wa iyaye su duba. Aka kira azahar, na ja ƙofa na fito, na tafi alwala. A daidai lokacin Injiniya ya leƙo yana faɗa wai saba ta yi nauyi, wa ya bar abu yana cin ƙarfinta? Rilwanu ya tuna da wani gwaji da ya kunna da safe ya manta. Cikin sauri, maimakon ya buɗe jeri ya zaɓa, sai ya rubuta `tmux attach` ziryan, babu suna. Ita kuwa manhajar in ba ka faɗa mata inda za ka ba, ɗakin da aka fita daga cikinsa a ƙarshe take kai ka. Nawa ke nan. Ya ga rubutu na gudu a allo, ya ce ga ɓarawon, ya ba da umarni a rushe ɗakin. Sunana fa na nan ɓaro-ɓaro a koren layin da ke ƙasan allo. Bai duba ba.

Aiki ya yanke a tsakiya. Iyaye suka buɗe waya, wasu suka ga sakamakon 'ya'yansu fayau babu komai, wasu suka ga sifili a lissafi da Turanci. An ce wani uba har ya zare bel kafin matarsa ta ce a kira makaranta tukuna. Mai makarantar ta kira Injiniya ta wanke shi tas, ta ce tana tunanin raba gari da mu. Ni na zauna na dawo da komai daga ajiya na sake kunnawa, ko ruwa ban sha ba. Da zan tashi Injiniya ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Gobe da safe ki same ni a ofis."

Babu wata shaida da ta rage. Ɗakin da sunana yake, sunan shiga kuma na kowa ne. Ni ma da Rilwanu bai faɗa mini da bakinsa a mota ba, da har yanzu ina zargin yatsuna.

"Ka bari in yi tunani," na ce masa a ƙofar gida.

"Tunanin me kuma, Nusaibata? Don mu nake faɗa fa. Ni da ke."

"Na ji. Ka gaida Hajiya."

Na shige na bar shi da mukullinsa.

A tsakar gida na tarar da ƙanwata Lubna zaune a kan tabarma, ta baje ƙafa lalle na bushewa, tana cin awara da tsinke.

"Yaya Nusaiba, yau zancen tsaye aka yi? Ko ruwa ba a kai wa angon ba. Ko dai ya sake ɗaga ranar ne? Wannan bawan Allah da shi ke da alhakin ganin wata, da har yanzu muna Sha'aban."

"Lubna, ki kiyaye ni yau."

"Allah ya ba da haƙuri. Ga awara."

Ummanmu, Hajiya Rabi, tana ɗakinta a kan kujera tana goge wasu kuloli masu ruwan zinari da ta karɓo daga wurin dillaliya. Saman sif ɗinta ya cika da kwalaye, duk na kayan ɗakina, har sun fara taɓa silin. Kullum na shiga ɗakin nan sai in ji kamar kwalayen ne ke kallona suna tambaya.

Na zube a gabanta na faɗa mata komai. Ban yi zaton za ta gane zancen seshan ba, amma Umma ba ta buƙatar sanin kwamfuta kafin ta gane inda magana ta dosa.

"Wato ya shiga ɗakin da ba nasa ba, bai yi sallama ba, ya yi ɓarna."

"Haka ne, Umma."

"Yanzu kuma yana so ki ce ke ce."

"Eh."

Ta ajiye kular a hankali. Na ɗauka za ta ce Allah ya kiyaye. Sai ta yi ajiyar zuciya.

"Nusaiba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba a kunyata shi a gaban mutane, bare wanda kike shirin zama a ƙarƙashinsa. Yau kika rufa masa asiri, har ya mutu yana ganin girmanki."

"In aka kore ni fa?"

"Ba za a kore ki ba, in sha Allahu."

"In aka kore ni fa, Umma?"

Ta murza gefen zanenta. "Kin san Abbanku ya ce bayan Babbar Sallah ba zai ƙara sauraron 'ana nan ana shiri' ba. Antinku Saratu kuma kullum sai ta kira ni a kan yaron nan na Kinkinau da take so ta haɗa ku. Ni na gaji da ba mutane haƙuri. Ke ba ki gaji ba?"

Wallahi na gaji. Da za a auna gajiyata a ranar da ta fi buhun masara. Na gaji da bikin ƙawaye da ake ce mini saura ke. Na gaji da ɗinkin anko. Na kuma gaji da kare Rilwanu a gaban kowa, ina cewa ku ba shi lokaci, mutumin kirki ne. Kuma mutumin kirkin ne, kada ku yi mini mummunar fahimta. Shi ya koya mini aikin nan da haƙuri lokacin da na zo ban san hagu da dama ba. Ranar da Abba ya kwanta asibiti, shi ya yi ta jigilar abinci har aka sallame shi. Irin wannan ba ya goguwa don an yi kuskure ɗaya.

Bayan magariba Abba ya shigo daga masallaci, carbi a hannu. Malam Zakari ke nan, mutumin da ya tsufa a aikin gwamnati bai iya doguwar magana ba. Ya dube ni sau ɗaya.

"Uwata, lafiya? Fuskarki ta faɗa."

"Aiki ne, Abba."

"To. Aiki ai haka yake." Ya juya zai shiga ɗakinsa, sai ya tsaya. "Yaron nan na ga motarsa ɗazu. Ya ce wani abu?"

"Ya ce yana gaishe ka."

"Ina amsawa," in ji Abba. Bai ƙara komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina shafa mai bayan isha'i saƙonni suka fara shigowa.

"Kin ci abinci?"

"Nusaibata kin yi shiru."

"Wallahi da ina da wata hanya da ban roƙe ki ba."

"Kawu ya ce da zarar takardar ƙarin girma ta fito za su sa rana."

Sai hoton zuciya guda uku. Na rubuta "Allah ya kai mu goben", na kife wayar. Ku yi mini adalci, masu karatu: a lokacin na riga na karkata. Na ce a raina, faɗa ne dai, zan sunkuyar da kai in sha, in ya so a ƙara mini watannin gwaji. Mata nawa suka haɗiye abin da ya fi wannan?

Da safe na zura baƙar abaya da mayafi ruwan toka, ko kwalli ban sa ba. Lubna ta ce na yi kama da mai zuwa gaisuwar mutuwa. A Keke Napep har Kurmin Mashi ina ta maimaita abin da zan faɗa: Yallaɓai, hannuna ne ya zame, a yi mini afuwa. Na maimaita har kalmomin suka daina ɗaci.

Injiniya bai iso ba tukuna. Teburin Rilwanu na can bayan allon katako da ya raba ofis biyu, ina jin tarinsa amma ba na ganinsa. Na kunna kwamfuta don in tabbatar aikin jiya ya kammala. Na shiga saba, na buɗe tmux, na danna Ctrl da b, sannan s, yadda na saba. Jerin ɗakuna ya sauko. In kana saukar da haske a kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasan allo na nuna maka abin da ke cikin kowanne kafin ka shiga. Abin da Rilwanu ya kasa yi ke nan jiya, abin da bai fi ƙiftawar ido ba.

Nawa ya gama lafiya. Sai na tsinci kaina ina bin nasa, marasa suna. Wannan ya fara gyaran wani abu ya bari a rabi. Wancan ya buɗe fayil bai rubuta komai ba. Akwai wani da tun bara manhaja ta tambaye shi, a ci gaba ko a fasa, tana jiran ya danna eh ko a'a. Har yau ɗan farin alƙalamin allon na nan a gaban tambayar yana ƙiftawa. Na daɗe ina kallonsa. Ban san lokacin da na ce masa "sannu, ɗan'uwa" a fili ba.

A can ƙasan jerin kuwa ga wani mai suna shayi. Ni na raɗa masa sunan.

Ban taɓa ba ku labarin shayi ba. A tmux mutum biyu na iya shiga ɗaki ɗaya a lokaci guda, kowa daga kwamfutarsa, su ga allo iri ɗaya. Duk harafin da ɗaya ya danna, ɗayan na ganinsa nan take. Farkon zuwana Rilwanu ya buɗe shi don ya riƙa nuna mini aiki ba sai ya taso ba. Wata rana ana tsakiyar darasi ya rubuta, "Kin sha shayi?" Daga nan darasi ya zama hira. A ɗakin nan ya fara ce mini yana sona, ina kallon haruffan na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, ni kuma ina bayan katako na toshe baki da mayafi kada dariya ta tona ni. Daga baya da muka koma waya sai muka daina shiga. Amma ba wanda ya rushe shi a cikinmu.

Na zaɓe shi na shiga. Na tura masa saƙo a waya: "Shigo shayi."

Jim kaɗan na ga alamar ya shigo. Na rubuta:

"Tambaya ɗaya zan yi maka. In na ce ni ce, Injiniya ya ce in tattara kayana, me za ka yi?"

Alƙalamin ya tsaya yana ƙiftawa. Sannan haruffa suka fara fitowa.

"Zan shiga in faɗa masa gask"

Sai na ga haruffan na komawa baya, ɗaya bayan ɗaya, har layin ya zama fanko.

"Ba zai kore ki b"

Ya goge wannan ma.

Na ɗora hannu biyu a cinya ina kallo. Wata da watanni muna hira a waya, inda mutum ke rubuta abin da ya ga dama ya goge, sai wanda ya tace zai tura. Yatsunsa sun saba da can. Ya manta a nan babu labule.

Sai ya rubuta da sauri, irin saurin mai magana da kansa:

"To ai ke mace ce ko an kore ki ba wani abu ba ne aure za ki yi dama ni ban so ki ci gaba da aikin nan bayan biki"

Layin ya tsaya a gabana. Na karanta shi, na sake karantawa. Sannan ya danne madannin gogewa, layin ya shanye kamar ruwa a yashi. A wurinsa ya rubuta, a nutse, har da aya:

"Ki yarda da ni, Nusaibata. Komai zai wuce."

Na karanta littattafan soyayya da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma a cikinsu in irin wannan ta faru yarinya kuka take fashewa da shi, ko ta yanke jiki ta faɗi. Ni ba abin da ya zubo daga idona. Abin da na ji kawai shi ne kamar na sauke tulun da na daɗe da ɗauka a ka, wuyana na ciwo amma iska na taɓa shi. Na tuna ranar da na kawo takardar ɗaukata aiki gida, Abba ya sa tabarau ya karanta ta har ƙasa, ya ninke, ya ce "Uwata ta zama ma'aikaciya", ya fita masallaci da murmushi. Na tuna Rilwanu da bakinsa ya ce wa Abba ba zai taɓa hana ni aiki ba. Ashe wannan ma rubutun da aka tace ne.

Ko kuwa tsoro ne ya sa yatsunsa suka faɗi abin da bai kai zuci ba? Wallahi ban sani ba. Har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba. Mutum kan yi tunani marar kyau ya kore shi, ni ma ina yi. Amma gani ya kori ji, kuma ni na gani.

Na ji ƙarar motar Injiniya a waje, na ji maigadi na yi masa barka da zuwa. Ya wuce ta gabanmu da jakarsa, ya amsa gaisuwa da ka, ya tsaya a bakin ƙofarsa.

"Nusaiba, ina jiranki."

"Ga ni nan zuwa, Yallaɓai."

Ban rushe shayi ba. Na ja ƙofarsa kawai na fito, yadda ake yi. Na gyara mayafina, na zagaya bayan katakon. Rilwanu na zaune cikin farar shaddarsa mai aikin wuya, wadda na ce masa tana yi masa kyau, hularsa a kan tebur. Ya ɗago da murmushin roƙo.

"Na gani," na ce.

"Kin ga me?"

"Duka. Har wanda ka goge."

Ya waiwaya ya kalli allonsa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don sai da leɓensa ya motsa babu sauti. Ya miƙo hannu kamar zai riƙe gefen tebur.

"Nusaiba, ba haka nake nufi ba. Wallahi tunani ne kawai ya..."

"Wataƙila. Ni ma ina so in yarda da hakan."

"To ki saurare ni mana. Ki rage murya, mutane na ji."

Abokan aikinmu biyu sun daina danna madannai. Ban rage ba. Tun jiya nake rage murya, a ƙofar gida, a ɗakin Umma, a gaban Abba, har a cikin Keke Napep.

"Ba zan ɗauka ba, Rilwanu," na ce. "Yanzu zan shiga in gaya wa Injiniya ba ni na rushe ɗakin nan ba, in ya tambaye ni wane ne, sunanka zan kira. In kana son ka sake tsayawa a ƙofar gidanmu, tashi ka riga ni shiga."